Ranar garaɓasa a gidan abinci: yaya za a sallami jama'a ba tare da hayaniya ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake kula da gidan abincin kawuna a nan Mabera, cikin garin Sakkwato. Muna sayar da jalof, soyayyar shinkafa, kaza, shawarma, mitfai da lemo. A watan Afrilu mai zuwa za mu cika shekara biyu da buɗewa, kuma kawu ya ce a yi garaɓasa ta yini guda, duk wanda ya sayi fileti ɗaya a ba shi ɗaya kyauta. Bara da muka yi irin wannan, kaza ta ƙare tun kafin la'asar, layi ya kai bakin titi, wasu suka biya kuɗi ba su samu abinci ba, har aka yi ta cacar baki. Muna da ma'aikata 9, kaskon suya 2 da kashiya ɗaya. Shin ƙarin ma'aikata zan ɗauko? Kuma yaya manyan gidajen abinci suke sallamar ɗaruruwan mutane ba tare da rikici ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan nema. Ka yi tambaya biyu, ta ƙarin ma'aikata da ta dabarar manyan gidaje, amma idan aka tona su, tambaya ɗaya ce: fileti nawa kicin ɗinku yake iya fitarwa a cikin awa ɗaya, kuma mutum nawa tallanku zai kira zuwa bakin ƙofa a cikin wannan awar? Abin da ya same ku bara shi ne kun gayyato jama'ar da ta fi ƙarfin kaskonku, sauran abubuwan da ka lissafa, ƙarewar kaza da dogon layi da cacar baki, duk daga nan suka taso. Na daɗe ina kula da irin waɗannan gidaje, kuma a duk inda na ga garaɓasa ta tafi lami lafiya, na tarar an auna ƙarfin kicin tukuna, sannan aka yanka tallan daidai da shi. Inda aka fara da talla aka bar kicin ya yi ta kansa, ko ma'aikata nawa aka zuba, sai an kwashi kunya.

Abin da manyan gidaje suke yi

Saurin da kake gani a manyan gidajen abinci daga rage aiki yake fitowa. A shekarar 1948, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe shagonsu da ke garin San Bernardino na jihar Kalifoniya a Amurka na ɗan lokaci, suka sake masa tsari. Suka zaftare jerin abincinsu daga kusan iri 25 zuwa 9, suka daina amfani da kwanukan da sai an wanke, suka sa kowane ma'aikaci ya tsaya wuri ɗaya yana maimaita aiki ɗaya. A kan wannan tsari aka gina manyan gidajen abinci masu saurin sallama, kuma shi ne ya iso Najeriya ta hannun gidaje irin su Mr Bigg's, wanda ya fara a Legas a 1986. Darasin da ya shafe ka a ciki shi ne, idan gidan da yake da injuna da ma'aikata masu horo yana taƙaita abin da yake sayarwa don ya yi sauri, to gidan da yake da kasko biyu ya fi kowa buƙatar yin haka a ranar da jama'a za su ninka.

Ku fara zama da kawu a kan lissafi

Kafin a je kicin, akwai maganar kuɗi, kuma ita ce mai wuyar faɗa tunda kawu ne ya yanke shawara. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi kawai, ana sayar da fileti a kan N3,000, kuma shinkafa da kaza da mai da gas da robar zubawa suna cin N2,000. Idan aka ce a saya ɗaya a samu ɗaya kyauta, mai saye zai ajiye N3,000 ya ɗauki abincin N4,000, wato kowane ciniki asarar N1,000 ce. Mutum 300 suka zo, N300,000 ta tafi, ban da dizal da ladan ma'aikata. Ko rangwamen kashi 20 cikin ɗari aka yi, ribar fileti za ta sauko daga N1,000 zuwa N400, sai an sayar da ninki biyu da rabi na abin da aka saba kafin a mayar da ribar rana ta yau da kullum. Ka saka farashinku na gaskiya a gurbin waɗannan, ka rubuta a takarda, ka kai wa kawu cikin ladabi a lokacin da yake shi kaɗai. Dattijon ɗan kasuwa yakan ƙi jin shawarar yaro, amma da wuya ya ƙi duba lissafi.

Idan manufarsa godiya ce ga abokan ciniki kuma ya yarda ya kashe wani adadi a matsayin kuɗin talla, babu laifi, sai dai a san adadin tun farko a kuma tsaya a kansa. Ni abin da na fi so shi ne kyautar ta zama abin da ba ya bi ta kasko: zoɓo mai sanyi da kuka haɗa da kanku, ko lemo, ko mitfai da aka gasa tun da safe. Mai saye ya ga kyauta a hannunsa ya ji daɗi, aikin mai suya kuma bai ninka ba. Idan kuwa kawu ya tsaya a kan fileti kyauta, to a ɗaure shi da sharaɗi uku: abinci iri ɗaya tak, misali jalof da yankan kaza ɗaya, lokaci ƙayyadadde, da adadin da aka bayyana, kamar mutum 200 na farko, kowa sau ɗaya. Sharaɗin sau ɗaya yana da muhimmanci, domin akwai masu zuwa su kwashi fileti goma su je su sayar a wani wuri, su bar wanda aka yi abin dominsa a tsaye. A rubuta sharuɗɗan da manyan baƙaƙe a jikin tallan da a bakin ƙofa. Kuma kada a ce za a rage yawan shinkafa a ɓoye don a cike giɓi, wannan tauye mudu ne, ga haramci, ga shi masu zuwa kullum sun san cikar robarku fiye da yadda kake zato.

Inda aiki yake shaƙewa

Kicin kamar mazurari yake, komai faɗin bakinsa, abin da ƙaramar kafar ƙasa ta bari shi ne zai wuce. Aikinka na wannan makon shi ne ka gano wace ce ƙaramar kafar a gidanku, kuma ba a gano ta da zato, sai da agogo. Ka zaɓi daren da kuka fi ciniki, ka tsaya da wayarka ka auna kowane mataki: minti nawa kashiya take ɗauka a kan mutum ɗaya, minti nawa kasko yake ɗauka daga zuba kaza zuwa zuba ta gaba, minti nawa mai zuba abinci yake ɗauka ya rufe roba ya sa a leda.

A ce kasko ɗaya yana ɗaukar yanka 16, kuma zubi ɗaya yana cin minti 15 har da jiran mai ya sake zafi. Zubi huɗu ke nan a awa, yanka 64, kasko biyu 128. To idan kowane mai saye zai tafi da fileti biyu, mutum 64 kawai za ku iya sallama a awa, ko da ma'aikata 30 ne a tsaye. Layi kuma lissafinsa ba shi da tausayi. Idan mutum 100 suna zuwa a awa kuna sallamar 80, kowace awa mutum 20 suna taruwa, bayan awa uku akwai 60 a tsaye, kuma wanda ya shigo a lokacin sai ya jira minti 45. Ɗan bambancin da ba ka ɗauke shi a bakin komai ba shi ne yake kai layi bakin titi.

Abin da mai suya yake yi idan ya ga jama'a sun yi yawa shi ne ya cika kwando fiye da ƙima, kuma wannan shi ne yake ƙara dagula lamarin. Man suya yana son ya tsaya wajen digiri 175 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar an tula masa kaza mai sanyi da yawa, sai ka ji ƙarar suyar ta mutu, kumfa ya taso, zafin ya faɗi, kazar ta koma tana shan mai. Zubin da ya kamata ya ci minti 15 sai ya ci 20, a fito da ita waje ya yi ja, a gutsura a tarar da jini a jikin ƙashi. Saboda haka a ƙidaya wa mai suya adadin yankan da zai riƙa zubawa, a hana shi wuce wannan adadi ko wane ne yake yi masa tsawa.

Hanyar faɗaɗa wannan kafa tana cikin abin da matanmu suka saba yi a gida: a tafasa kazar da kayan ƙamshi tun da asuba har ta nuna, a tsame ta, a baza ta ta huce da wuri, a sa a firji, sannan a lokacin ciniki a riƙa soya ta na 'yan mintuna don ta yi ja kawai. Wannan yana rage lokacin kasko ƙwarai, ga romon da za a zuba a jalof. Idan kuna da murhun gasa mitfai, a gasa wani kaso na kazar a ciki, kun samu kasko na uku ke nan ba tare da sayen komai ba. Shawarma kuwa shawarata a cire ta daga garaɓasar baki ɗaya, domin kowace ɗaya sai an naɗe ta da hannu an gasa, kuma mutum ɗaya mai odar shawarma biyar yana iya tsayar da mutum goma masu jiran jalof. Ko dai a ba ta teburinta a gefe da nata layin a kan cikakken farashi, ko a dakatar da ita har lokacin garaɓasar ya wuce.

Kanta da tiransifa

A Sakkwaton yau, sau da yawa kasko bai kai kanta jinkiri ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, kuma ka san yadda abin yake a gaban kashiya: mai saye ya iso, sai a lokacin zai fara tunanin abin da zai ci, ya tambayi farashi, ya nemi lambar asusu, ya buɗe waya, sabis ya tsaya, ya juyo da fuskar wayar yana cewa ta fita daga wajensa, kashiya kuma tana kallon tata wayar tana jiran alat. Minti uku sun tafi a kan mutum ɗaya, wato mutum 20 a awa. Kicin yana iya fitar da fileti 128, kanta tana shigar da mutum 20, abinci yana hucewa a ciki jama'a suna fushi a waje.

Don haka a ranar ku buɗe wurin biya aƙalla biyu, ɗaya na tsabar kuɗi da katin banki, ɗaya na tiransifa. A manna lambar asusu da farashin garaɓasar tun daga bakin ƙofa da tsawon layi, yadda mutum zai shirya tura kuɗinsa yana tafe. A tanadi na'urar POS biyu na kamfanoni daban, da layukan waya daban, a cika musu caji, a ajiye takardar rasit ta ƙari. A sa farashin ya zama dunƙulallen adadi wanda ba ya buƙatar canji, duk da haka a nemo ƙananan kuɗi tun kwana biyu kafin ranar. Mai tabbatar da alat ya zama mutum ɗaya amintacce, kuma dokarsa ita ce kuɗi sai sun shigo asusu, hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce, domin a irin wannan cunkoso ne masu rasit na bogi suke cin kasuwarsu. Wanda kuɗinsa suka maƙale a ja shi gefe da girmamawa a ba shi kujera, layi ya ci gaba.

Maganin biyan kuɗi ba a samu abinci ba, wanda shi ne ya fi ɓata muku suna bara, kati ne mai lamba. Idan fileti 400 kuka shirya, mutum 200 ke nan, to a yanka kati 200 a rubuta musu lamba a buga musu hatimin gida. Ba a karɓar kuɗin kowa sai da kati, kuma idan kati ya ƙare garaɓasa ta ƙare. Ta haka ba zai yiwu a sayar da abin da babu shi ba, kuma da ka kalli katin da ya rage ka san inda aka kwana ba sai ka leƙa tukunya ba.

Zafin Afrilu

Wannan ɓangaren ne nake so ka fi riƙewa, domin dogon layi ana mantawa da shi, amma idan mutane suka kwana suna gudawa saboda abincinku, unguwa ba ta mantawa. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, cikin kicin kuma ya fi haka. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a riƙe dafaffen abinci da zafi sama da 60, ko a sanyaya shi ƙasa da 5, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. A irin zafinmu ni awa ɗaya nake ba shi. Jarabar ranar garaɓasa ita ce a dafa komai tun da hantsi a jibge, kuma a nan hatsarin yake.

Shinkafa ta fi yaudara, domin akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta yaɗu ta saki dafin da sake ɗumamawa ba ya kashe shi. Soyayyar shinkafa mai karas da koren wake da hanta ta fi jalof saurin juyawa, wannan ma wani dalili ne na zaɓar jalof a garaɓasar. A dafa ta tukunya-tukunya, a jera lokacin ɗora su yadda wata tana ƙarewa wata tana sauka, a riƙa juye ta da zafinta cikin kula mai kyau, a manna takarda a murfin a rubuta lokacin da aka sauke. Wadda ta riga sauka ita ce za ta riga fita, kuma ba a zuba sabuwa a kan ragowar tsohuwa. Haɗin kabeji mai mayonis kuwa a yanka kabejin a ajiye shi a firji, a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, ko a haƙura da shi a ranar. Ku sayi ɗan ma'aunin zafin da ake soka wa nama, ba shi da tsada, a tabbata tsakiyar cinyar kaza ta kai digiri 75. Katako da wuƙar ɗanyar kaza kada su kusanci na kabeji, kuma mai taɓa kuɗi kada ya taɓa abinci.

Duk wannan ya rataya a kan sanyi, sanyi kuma a kan wuta. A duba janareto kwana uku kafin ranar, a canza masa mai, a tanadi dizal na yini guda cur kamar ba za a kawo wuta ba sam. A yi odar ƙanƙara, a sa lemo da ruwa a cikin manyan kuloli dabam, don kada a riƙa buɗe firizar nama kowane minti. Tukunyar gas ta ƙari ta kasance a cike a waje, inda iska take, ba kusa da murhu ba. A gaya wa kowa, har mai wanke-wanke, cewa idan mai ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa. A kashe gas, a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko bargon kashe wuta, kuma kowa ya san inda tukunyar kashe gobara take.

Sayayya ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai kawo muku kaji ya san adadin tun mako guda kafin nan, a ba shi kafin alƙalami, a karɓi kajin ana gobe. Tattasai da attaruhu da albasa a shiga Kasuwar Daji a sayo su a markaɗa a soya tushen miyar jalof tun daren. Abin da ya fi ƙarewa ba a lura ba shi ne roba da cokali da leda, don haka a ƙirga su, a ƙara a kan adadin katin.

To, a ƙara ma'aikata?

A ƙara, amma kaɗan, kuma ba a cikin kicin ba. Sabon hannu a kicin ranar cunkoso cikas ne: bai san inda ludayi yake ba, yana tambaya, yana tare hanya, ga mai yana tafasa. Mutum uku ko huɗu sun isa, a ba su aikin da ake koya cikin minti goma, kamar tsare layi, sa cokali da lemo a leda, share tebur da kwashe shara. Ƙwararrunku tara su tsaya inda suka fi iyawa, kowa da wurinsa a rubuce: masu suya biyu, mai shinkafa da mataimakinsa, masu zubawa biyu, masu karɓar kuɗi biyu, da mutum ɗaya a tsakanin kicin da kanta wanda yake karɓar kati, ya duba leda, ya kira lamba ya miƙa. Wannan na ƙarshen shi ne kaɗai zai riƙa magana da kicin. Idan kashiya da mai gadi da ɗan kawu duk suna leƙawa suna ba da umarni, mai suya ba zai san na wa zai bi ba.

Kai kuwa, ƙanena, kada ka ɗauki ludayi. Na san zuciya takan raya wa manaja ya tsunduma cikin aiki don a ga yana taimakawa, amma da zarar ka sunkuya a kan tukunya babu mai ganin gidan gaba ɗaya. Aikinka zagayawa ne, ka ga kula ta kusa ƙarewa kafin ta ƙare, ka ga fuskar da ta fara ɓaci a layi kafin ta yi magana.

Ana gobe ku yi gwaji na rabin awa, wasu su zama masu saye, a bi da kati daga ƙofa har zuwa miƙa leda, a nan za ku ga inda mutane suke karo da juna. A ranar kuma ma'aikata su ci su ƙoshi kafin a buɗe, a ajiye musu ruwan sanyi, masu suya su riƙa karɓar juna saboda zafi. A tsara yadda za a riƙa fita salla biyu-biyu tun kafin a kira ta, yadda babu wanda zai rasa sallarsa kuma babu wurin da zai zama babu kowa. A kuma faɗa musu ihsanin da za su samu tun da safe, a biya su a daren.

Lokaci da layi

Zaɓen rana yana rage rabin wahala. Ranar Sallah, ko lokacin buɗa baki a azumi, ko daren Asabar na ƙarshen wata bayan an yi albashi, jama'a za su zo ko babu rangwame, yin garaɓasa a lokacin zubar da riba ne kawai. Ranar Juma'a kuma tsakiyarta ta masallaci ce. Na fi son ranar tsakiyar mako, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, lokacin da rana ta yi sanyi mutane suka fara fitowa, sannan a rufe garaɓasar a samu sararin gyara wuri kafin cinikin bayan isha'i, wanda za a yi a kan cikakken farashi. Idan ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna cikin masu zuwa muku, ka duba ko suna hutu ko suna jarrabawa, domin hakan yana canza adadin sosai.

A kafa rumfa a waje, a ajiye ruwan sha, a yi layin mata dabam da na maza, a raba ƙofar shiga da ta fita idan gini ya ba da dama. 'Yan kabu-kabu masu karɓar saƙo a ba su taga ko tebur a gefe, odar WhatsApp kuma ko dai a ce garaɓasar ba ta shafe ta ba, ko a ware mata adadin kati da mutum ɗaya mai riƙe da wayar. A sa wani ya kula da inda ake ajiye babura da motoci don kada a toshe wa maƙwabta ƙofa, kuma kyautatawa ce a sanar da su tun kafin ranar.

Sai alfarma, wadda ita ce take rusa layi a garinmu. Abokin kawu zai zo, surukin wani zai zo, wani babba zai aiko direba, kuma ba za ka iya cewa dattijo ya bi bayan yara ba. Amma duk wanda aka shigar ta gaba a idon mutanen da suka yi rabin awa a tsaye, an ɗebe musu haƙuri. Dabarar ita ce a ware fileti kaɗan tun farko, a wajen lissafin katin, a ajiye su a hannun kawu, shi ya karɓi baƙinsa a ofis ko ta ƙofar baya. Almajirai ma a sa musu lokaci a bayan gida, a ba su abinci mai kyau da sauran zafinsa, kada a jira sai abin da ya juya.

Idan kati ya rage kamar 20, mai tsare layi ya ƙirga mutane, ya je wurin wanda zai zama na ƙarshe ya tsaya, ya ba na bayansa haƙuri tun kafin su ƙara ɓata lokaci. Idan da hali a ba su ɗan katin rangwame na wani yini a cikin mako, wanda hakan yana dawo da su a ranar da kuke neman ciniki.

Iyakar wannan shawara

Ban ga kicin ɗinku ba, kuma alƙaluman da na kawo na misali ne, naku za su fito ne daga agogo da littafin cinikinku. Tsarin nan ya dace da gida mai matsakaicin girma irin naku; ba zai mayar da kasko biyu su yi aikin biyar ba, kuma idan gwaji ya nuna mutum 120 za ku iya ɗauka cikin nutsuwa, to kati 120 za a yanka ko da kawu ya so 300. Idan yana son adadi mai yawa, a raba garaɓasar kwana uku a jere da kati kaɗan kowace rana. A daren kuma, kafin kowa ya tafi, ka rubuta kati nawa aka sayar a kowace awa, ƙarfe nawa kowane abu ya ƙare, dizal da gas nawa aka ƙona, da abin da ya yi saura. Bayan mako biyu ka duba ko cinikin ranakun yau da kullum ya ɗaga, domin da wannan ne za ku yanke shawarar ko za a sake yi baɗi, da kuma kati nawa za a yanka.